Rasuwar Wayoyin Motar Wahabu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da miƙa wuya ga abin da Allah Ya hukunta, gidan marigayi Wahabu direba da ke Zangon Salaga yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki, na nan gida da na Yendi da na Bawku, rasuwar tsofaffin wayoyin wuta na cikin motarsa, Fijo akori-kura mai ruwan toka, wadda duk mai bin hanyar doya da albasa ya sani. Su talatin da ɗaya ne. Talatin sun riga mu gidan gaskiya tun watan jiya, babbarsu kuma, wato wayar tsohon hon, ta bi su ranar Talatar nan bayan la'asar, a gindin mangwaron ƙofar gida, tana da shekara goma sha shida a cikin ƙarfe. Motar kanta tana nan da rai, lafiyarta ƙalau, kada wani ya ji rabin labari ya zo yana yi wa Fijo kuka. Wadda za a yi wa gaisuwa ita ce Mma Adisa, matar marigayin, domin da bakinta aka yi wannan aiki, kuma ita abin ya fi taɓawa.

Wanda bai san Wahabu ba zai ce, waya kuma har da ta'aziyya? To, a gyara zama.

Wahabu ya sayi motar nan a shekarar tamanin da ɗaya, daga hannun wani mai fataucin shanu a Bawku, kuma tun daga ranar aka san shi da hali biyu. Na farko, ba ya cire waya. Idan fitila ta mutu, ko rediyo ta daina magana, sai ya ja sabuwar waya a gefen tsohuwar, ya bar tsohuwar kwance inda take. Abokansa direbobi sun yi magana har sun gaji. Yakan ce musu, "Ku bar ta, ina ruwanku? Ta yi mini aiki shekara uku, don ta gaji yau sai in jefa ta a bola? Ku ma ranar gajiyarku tana zuwa." Hali na biyu kuwa, da yake bai yi boko ba, kuma baƙin mai yana shafe launin kowace waya cikin wata guda, sai ya riƙa ɗaura wa kowace sabuwa ɗan ƙyalle don ya gane ta. Ƙyallen nan ba daga kasuwa yake samo shi ba. Daga zanin Adisa yake yaga.

Marigayiya babba ita ce ta fara shan wannan ɗauri. Ranar ƙaramar Salla ce, Adisa ta ɗaura sabuwar atamfa kore mai ɗigon fari, ta fito ta leƙa mijinta da ke kwance a ƙarƙashin mota yana haɗa hon. Hannu kawai ya miƙo daga ƙasa ya kama bakin zanin, ƙiii, ya yagi tsawon yatsa biyu. Kwana bakwai ba ta yi masa magana ba, tuwo ma da ƙafa take tura masa akushin. Shi kuwa ya ɗaure wayarsa, ya danna, unguwa ta fara jin muryar da za ta ji shekara da shekaru:

Paam… pam-pam.

Dogo ɗaya a kwanar masallaci, gajeru biyu a ƙofar gida. Yakan ce dogon na unguwa ne, gajerun biyu na Adisa ne. Duk Alhamis da la'asar, idan ya juyo daga Bawku ya kwana Yendi ya ƙaraso da buhunan albasa, haka yake sallama. Ita kuma daga cikin gida, ko hannunta na cikin ƙullu, takan ɗaga murya ta ce, "An ji, an ji, ba kurame ne a gidan ba."

Marigayan dai bayin Allah ne masu haƙuri. Ba a taɓa jin sun yi ƙorafin zafi ko ramukan hanyar Bimbila ba. Akwai mai shuɗin ƙyalle, wadda ta riƙe rediyon kaset shekara biyar, ta ɗauki karatun Ƙur'ani da safe, da rana kuma ta ɗauki abin da fasinja suka fi so ba tare da ta nuna bambanci ba. Akwai mai jan ƙyallen ankon sunan Rashidatu, ƙanwar ɗansa Iliasu, wadda ta kai wuta ga lasifikar da Wahabu yake ɗorawa a saman mota lokacin Maulidi. Akwai wata da ba a ɗaura mata atamfa ba, sai yankin buhun fulawa, domin a shekarar yunwa ta tamanin da uku aka ja ta, lokacin da zanin Adisa guda ɗaya ya rage, ta kuma rantse idan ya taɓa shi za ta koma gidansu. Akwai mai baƙin ƙyalle ta shekarar tashin hankali, wadda ya ja wa ƙaramar fitila a bayan mota lokacin da yake kwashe mata da tsofaffi zuwa Tamale, don wadda ta haihu a hanya ta ga fuskar abin da ta haifa. Ba za a lissafa su duka ba, takarda ba za ta ɗauka ba. Wasu sun yi aiki wata shida suka kwanta, wasu shekara goma. Duk suka zauna tare a ƙarƙashin sitiyari, mai rai da matacciya, cuɗe da juna kamar taliya, ba a taɓa jin kansu ba.

Wahabu ya rasu a shekarar casa'in da biyar, bayan ɗan ciwon ƙirji na kwana tara. Allah Ya jiƙansa, Ya kai haske kabarinsa. Ɗansa Iliasu ya karɓi mota da hanya. Da yake shi ɗan zamani ne, abin da ya fara yi shi ne ya sa sabon hon mai ƙara irin na tirela, wanda ke kora awaki tun daga nesa. Ya zare tsohuwar wayar daga madanni, amma ya bi halin ubansa ya bar ta a ciki, tsohon hon ma ya bar shi maƙale a bayan injin.

Alhamis ɗin da ta biyo bayan addu'ar arba'in, motar tana ajiye a gindin mangwaro, Iliasu yana masallaci, makulli yana aljihunsa. Adisa tana tsakar gida tana tankaɗe. Liman ya yi sallama ke nan.

Paam… pam-pam.

Rariyar ta faɗi daga hannunta. Kafin ta san abin da take yi bakinta ya riga ya ce, "An ji." Ta fito ƙofa ba mayafi. Babu kowa a motar, gilasai a rufe, wata kaza tana tono a gefen taya. Ta tsaya a wurin har inuwar mangwaron ta kai bango.

Daga ranar abin ya zama jiki. Ba kowace Alhamis ba, amma Alhamis kaɗai, kuma bayan la'asar kaɗai. Maƙwabta sun ji, masu wankin kai a bayan gida sun ji. Wata Alhamis da la'asar a Yendi, Iliasu ya tsaya gaban rumfar mai shayin da ubansa ya saba tsayawa, yana cikin shan shayi sai tsohon hon ya yi sallamarsa, mai shayin ya ɗauko kofi ya zuba ba madara, yadda Wahabu yake sha, sai da ya juyo sannan ya tuna. Liman ya zo har gida ya yi wa Adisa nasiha, ya ce mamaci ba ya danna hon, wanda ya tafi yana can yana fama da abin da ke gabansa. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Na sani, Malam, ni ma na yi allo har izu biyar. Kunnen nan nawa ne bai je makaranta ba." Ta daina zuwa ko'ina ranar Alhamis. Biki ko suna, idan ya faɗo Alhamis, sai dai a ga saƙonta. Takan ɗauko kujera 'yar tsugunno ta zauna a zaure tun azahar, da carbi a hannu, kunne a waje.

Shekara biyu ana haka, sai ciwon ajali ya fara nuna kansa. Batir ya riƙa kwana da rai ya tashi a mace, kullum sai an tara mutane an tura mota. Wari ya riƙa fitowa daga ƙarƙashin sitiyari, irin na roba idan ta ji wuta. Iliasu ya kai ta Yendi wurin Sidiku mai gyaran wutar mota, mutumin da direbobi ke cewa ko mota ta yi shekara a mace yana tashe ta. Sidiku ya cusa kai ƙarƙashin sitiyari, ya daɗe, ya fito da ƙyallaye a gashinsa.

"Masta Iliasu, wannan mota ce ko shagon tela? Rabin wayoyin nan matattu ne, fatarsu ta zube, suna shan wutar batir, wata rana kuma za su toya ka da albasarka. Sai an cire su. Amma ni ban san mai rai da matacce ba a cikin wannan miya. Ina takardar motar?"

"Takardar tana Salaga," in ji Iliasu, "tana tankaɗen gari."

Haka aka yi Sidiku ya hau mota ya zo Salaga da jakar kayan aikinsa. Aka shimfiɗa tabarma a gindin mangwaro, aka ajiye wa Adisa kujera a bakin ƙofar direba. Sidiku ya jawo waya ya nuna mata ƙyallen, ita kuma ta duba ta tuna zanin, daga zanin ta tuna shekarar, daga shekarar ta tuna abin da Wahabu ya sa wa mota.

"Mma, wannan mai fulawa rawaya fa?"

"Na sunan ɗan ƙanwata ne. Shekarar ya sa fanka. Fankar ta mutu tun kana tsotson yatsa. Cire."

"Wannan fa?"

"Wannan na fitilar gaba ne, ka taɓa shi ɗana ya shiga rami, ni da kai ne."

Goma na farko Sidiku yana gwada kowace da ɗan ƙwan gwajinsa kafin ya yanke. Duk goman ta faɗa daidai. Sai ya jefa ƙwan cikin jaka ya ce, "Mma, da turawan da suka ƙera motar nan sun san ki, da sun ɗauke ki aiki." Daga nan bai ƙara gwadawa ba. Ta ce cire, ya cire, ta ce bari, ya bari. Tarin da ke kan tabarma ya yi ta girma, ita kuma tana kallon zannuwanta na shekara goma sha huɗu suna fitowa daga cikin ƙarfe ɗaya bayan ɗaya, baƙi ƙirin da mai. Wajen azahar ya jawo wata siririya daga can ƙurya, fatarta duk ta tsattsage, jan ƙarfen yana leƙowa. Ya goge ƙyallen da babban yatsa. Kore ne, mai ɗigon fari.

"Mma, wannan tsohuwa fa?"

Adisa ta dube shi. Ta dubi ɗanta da ke tsaye yana riƙe da butar ruwa. Gobe Laraba, jibi Alhamis.

"Na fitilar birki ne," ta ce. "Bar ta."

Ya mayar da ita cikin ƙurya. Talatin suka cika a wannan rana, ta talatin da ɗaya ta tsira da ƙaryar tsohuwar da ba a taɓa kama ta da ƙarya ba. Jibin kuwa, bayan la'asar, hon ya yi sallama, Adisa ta amsa da murya ƙasa-ƙasa, kamar mai amsa wa baƙon da ta ɓoye a ɗaki.

Mako biyu bayan haka Iliasu ya taso daga Bawku da albasa buhu goma sha huɗu da mata 'yan kasuwa huɗu, biyu a gaba, biyu a kan kaya. Sun wuce Binduri kaɗan sai hayaƙi ya turnuƙe daga ƙarƙashin sitiyari, wuta ta biyo baya tana lasar gwiwarsa. Ƙofar gefen matan ta ƙi buɗuwa. Ya yi tsalle ya ɗaga murfin inji, ya kama kan batir da hannu tsirara, ƙarfen ya yi ja, ya murɗe shi ya fizge. Wutar ta mutu, matan suka fito da tari da salati, babu wadda ta ƙone. Tafin hannunsa na dama kuwa ya bar fatarsa a kan ƙarfen.

An ɗaure masa hannun a asibiti a Bawku, wani direba ya jawo motar zuwa gida. Ya shigo gida da hannu naɗe da farin bandeji kamar dunƙulen fura, idonsa ja.

"Mma, gobe zan tafi Yendi. Wallahi sai na tara tasha a kan Sidiku. Sai na kwance bandejin nan a gaban kowa na nuna musu aikinsa. Ba wanda zai sake ba shi ko keke."

Adisa ta ce ya zauna. Ta ɗauki hannun ta ɗora a cinyarta. Hannun Wahabu ne sak, har da ɗan karkacewar ƙaramin yatsa. Ta daɗe tana kallonsa.

"Ba inda za ka. Sidiku ya tambaye ni, na ce masa fitilar birki ce."

"To ba ita ba ce?"

"Hon ɗin babanka ne."

Da Iliasu ya yi faɗa da ta fi jin daɗi. Sai kawai ya ce, a hankali, "Mma, mata huɗu ne a motar. Ɗaya da goyo."

"Na ji," ta ce. "Aika a kira shi."

Sidiku ya iso ranar Talata da hantsi. Da aka gaya masa abin da ya faru bai yi fushi ba, sai ya cire hula ya sosa kai ya ce laifinsa ne da ya mayar da ƙwan gwaji jaka. Ya bayyana mata yadda abin yake, cewa waya idan fatarta ta zube tana taɓa ƙarfe, mota kuma idan ta huce da yamma ƙarfenta yana motsi, shi ke sa hon ya yi kuka. Ta ce, "To, Alhamis ɗin fa, wa ya gaya wa ƙarfen? Da dogo ɗaya gajeru biyu?" Ya ce, "Mma, wannan ba a koya mana ba."

Abu ɗaya ta roƙa, a bari sai la'asar. Ta san ba Alhamis ba ce, amma ta ce wanda za a sallama ai yana iya saɓa ranarsa. Aka mayar da batir, su ukun suka zauna a tabarma. Aka kira salla, mazan suka je suka dawo, ita ta yi tata a zaure ta komo. Inuwa ta miƙe. Mai tallan koko ta wuce, awaki suka shigo unguwa. Motar ba ta ce komai ba. Adisa ta gyara mayafi ta ce, "Maigidan ya riga ya sani. Yi aikinka."

Sidiku ya kwance batir, ya ɗauke shi da hannu biyu ya ajiye a kan benci, taku biyar daga motar. Ya jawo marigayiya. Rabinta ya ƙone, koren ƙyallen ya narke ya manne da jan ƙarfen. Adisa ta ce ita za ta riƙe. Ta riƙe da yatsu biyu, ta yi bismilla, ya sa filaya ya datse.

Pam.

Gajere guda ɗaya, a hankali, kamar daga cikin rijiya. Su uku suka ji. Sidiku ya juya ya dubi batir a kan benci, ya dubi Iliasu. Ya tattara kayansa, ya ƙi tsayawa cin tuwo, ya ce yana da aiki a Yendi. Adisa kuwa tana tsaye da guntun waya a hannu, tana jiran na biyun. Har aka kira magariba bai zo ba.

Marigayan sun rasu sun bar Fijo akori-kura, wadda yanzu take tashi da murɗa makulli ɗaya, ba wari, ba turi, kuma Adisa ta ce idan ta leƙa ƙarƙashin sitiyarin sai ta ga kamar ɗakin da aka kwashe kayan mamaci. Sun bar wayoyi goma sha biyu masu rai, waɗanda Sidiku ya naɗe da baƙar roba a jere kamar 'yan makaranta. Sun bar sabon hon, wanda ba shi da laifin komai amma ba a gaisawa da shi. Sun bar Iliasu da hannun da likita ya ce zai warke, sai dai yatsu biyu ba za su ƙara lanƙwashewa sosai ba. Sun bar Mma Adisa.

Mai sayen jan ƙarfe ya zo har sau biyu, an ba shi haƙuri. Ƙyallaye talatin an kwance su, Adisa ta wanke da sabulu ta shanya a kan igiya, suna nan a cikin kwallarta. Na talatin da ɗaya ya ƙi rabuwa da wayarsa, don haka tare za su tafi.

Za a binne su ranar Alhamis mai zuwa bayan la'asar, a bayan gida kusa da rijiya, naɗe a cikin tsohon buhun albasa. Liman ya ce ba a yi wa waya salla, kuma an bi maganarsa, amma za a yi sadakar masa da koko, a yi wa Wahabu addu'a, shi da dukkan musulmin da suka riga mu. Mutanen Yendi da ba za su samu zuwa ba suna iya yin gaisuwa a rumfar Sidiku, sai dai kada a tambaye shi abin da ya ji, ba ya son maganar. Na Bawku kuma su samu Mikaila, ƙanen marigayi, a layin 'yan albasa.

Ana roƙon direbobi masu zuwa gaisuwa, da ma masu wucewa ta layin, su ajiye mota a kwanar masallaci su ƙaraso da ƙafa. Wanda ya zama masa dole ya danna hon, saboda akuya ko mai keke, ya danna sau ɗaya, ko sau biyu, ko ya yi huɗu idan ya ga dama. Kada a yi uku. Mma Adisa ta ce ita da hannunta ta bayar da wayar, amma ukun nan ba ta ba kowa ba.